Kujerun da Ba Su da Ƙafar Baya

A bayan shagon wani mai kayan gwanjo na gan su, an kifa su ɗaya kan ɗaya a jikin bango, ƙura ta lulluɓe su, an ɗora musu wata matacciyar fanka. Ni tebur na je nema. Amma ina hango lanƙwasar ƙarfen nan na ja na tsaya, domin na san ta tun muna ɗalibai a sashen zanen gine-gine a Zariya, ranar da wani malaminmu ya haska mana hotonta a bango ya ce kowa ya zana hanyar da nauyin mutum yake bi ta jikinta har ya kai ƙasa. Kujera ce wadda ba ta da ƙafafun baya. Bututun ƙarfe ne guda aka lanƙwasa: ya sauko daga majingina, ya miƙe ta ƙarƙashin mazauni, ya gangaro ta gaba, sannan ya kwanta a ƙasa ya koma baya. In ka zauna sai ta ɗan rusuna da kai, in ka tashi ta dawo yadda take.

Mai shagon ya ga na daɗe ina shafa su, ya ce, "Hajiya, waɗannan ai sun gama yayi, duk saƙar ta ɓarke. Ga masu kushin can ciki." Na ce ya dai sauko mini da su. Guda huɗu ne. Ya ce cikin kwantenar kayan gida suka zo daga Turai, sun fi shekara a ajiye babu wanda ya taya. Muka yi ciniki, bai ma ja ba, na sa aka ɗaure su a saman a-daidaita-sahu muka kama hanyar gida.

Na san ba na asali ba ne, kuma ban taɓa ce wa kowa na asali ne ba. Marcel Breuer ne ya zana wannan kujera a 1928. Ɗan ƙasar Hangari ne, ya yi karatu a makarantar Bauhaus ta Jamus, daga baya ya shugabanci sashenta na aikin kayan ɗaki a garin Dessau. Kekensa ne ya ja hankalinsa ga bututun ƙarfe: ya duba kan keken ya ga ga rashin nauyi ga ƙarfi, kuma an lanƙwasa shi bai karye ba, sai ya fara gwada yin kujeru da shi tun wajen 1925. Kamfanin Thonet ya ƙera wannan da lambar B32. Sunan Cesca da aka fi saninta da shi yanzu sai a shekarun 1960 ya zo, lokacin da kamfanin Gavina na Italiya ya karɓi aikinta ya sa mata sunan 'yar Breuer, Francesca. Knoll na Amurka ya saye Gavina a 1968, har yau kuma yana sayar da ita. Da na duba farashinsu a intanet, kuɗin guda ɗaya ya ninka duk abin da na kashe a kan kujeruna tun daga ciniki har zuwa ƙusa ta ƙarshe.

Aikin farko shi ne kwancewa. Na shimfiɗa tsohuwar tabarma a tsakar gida, na kifa kujerun, na kama sukurudireba. Sukurorin ta ƙasa suke shiga, su ratsa bututun su kama katakon mazauni. Na majingina kuma ta baya. Wasu sun ci tsatsa sun ƙi juyawa, sai da na ɗiga musu man keken ɗinki na bar su suka kwana. Kowace kujera na ba ta lamba da alli, na zuba sukurorinta a gwangwanin madara dabam. Wannan ɗan tsarin ya taimake ni, domin a nan na gano cewa huɗun ba 'yan gida ɗaya ba ne, ramukan wata ba sa hawa kan na wata.

Hannu ne ya fara gaya mini. Na ɗaga ƙarfen ta ɗaya da ta biyu na ji su da nauyi, na ɗaga ta uku da ta huɗu na ji su sakayau. Da na ɓalle murfin robar da ke toshe bakin bututun na leƙa, kaurin jikin ƙarfen masu nauyin ya kusan ninka na sauran, ko da yake daga waje faɗinsu ɗaya. A ƙarƙashin katakon ɗaya daga cikin masu nauyin akwai ragowar tambari mai nuna a Italiya aka yi ta, kuma ba abin mamaki ba ne, don masana'antun can sun yi ta buga irinta ba adadi a shekarun 1970 da 1980. Lanƙwasar masu nauyin a mulmule take, bututun bai canja kama ba. Ta marasa nauyin kuwa ta ɗan baje a gwiwa, kamar karan da aka tanƙwara da ƙarfin tsiya. Duk wanda zai sayi irin wannan kujera, nan ne wurin dubawa kafin ya duba kyau ko sheƙi. Kujera mai ƙafa huɗu tana raba nauyi gida huɗu. Wannan kuwa duk nauyin mai zama a kan gwiwoyin gaba yake taruwa, kuma kullum aka zauna aka tashi sai ƙarfen ya motsa a daidai wurin.

A gwiwar ƙasa ta kujera ta huɗu na ga wani layi siriri kamar gashi. Na goge, bai fita ba. Na sa farce na ji yana kamawa. Na kai wa mai walda na bakin layinmu, ya juya ta ya duba da kyau, ya ce zai iya ɗinke tsagin amma wuta za ta ƙone ruwan kurom ɗin da ke sa ƙarfen sheƙi, wurin ya yi baƙi, kuma ba zai ɗauki alhakin ta riƙe babban mutum ba. "Sai dai in kin yarda in sa mata ƙafa biyu a baya, Hajiya, ta zauna daram." Shawarar kirki ce daga mutumin da ba ya son wani ya faɗi. Amma in aka sa mata ƙafar baya ta daina rusunawa, to abin da na saya ya tafi. Na yi masa godiya na dawo da ita. Ƙarfen yana ɗakin ajiya har yanzu, ban yarda kowa ya hau shi ba, katakonta kuma shi na mai da abin koyon hannu. Huɗu suka koma uku.

Tsatsar ba ta ba ni wahala ba. Fallen alminiyam na kicin na dunƙule, ina tsoma shi a ruwa ina gogawa a hankali, ɗigo-ɗigon tsatsar suna fita ba tare da kurom ɗin ya karce ba. Sanfefa ba ta zuwa kusa da kurom, ta katako ce. Inda tsatsa ta riga ta ci ta yi rami, musamman sashen da ke kwance a ƙasa, babu abin da zai mai da shi sabo; na share, na busar, na shafa ɗan kakin zuma don kada ruwan mofa ya ƙara shiga. Na sayi 'yan robobin da ake maƙala wa bututu na sa a ƙasan kowace don kada ta karce tayil.

Katakon ne ya ci mini kwanaki. Farin katako ne mai tauri, an shafe shi da wani fenti mai ruwan zuma da ya tsufa ya fara ɓarewa. Na bi shi da sanfefa mai kaushi, sannan mai laushi, kullum ina bin tsawon jijiyar katakon. Da na kai ga ainihin jikinsa sai na ga bai kamata a sake rufe shi da abu mai ƙyalli ba. Man katako kawai na shafa, sau uku, kwana ɗaya tsakanin kowace shafa.

Saura saƙa. Abin da ake saƙa mazaunin da shi ɓawon kwagiri ne, tsiron nan mai yaɗo a kan bishiyoyin kurmi wanda ake yin sanda da shi. Yawancin wanda ke kasuwar duniya daga Indunusiya yake fitowa, amma dazukan kudancin Najeriya da Kamaru ma suna da irin nasu. Saƙar mai idanu ce, kowane ido kusurwa takwas. Ba Breuer ya ƙirƙiro ta ba. Ita ce a jikin kujerar nan mai lamba 14 da Michael Thonet ya fitar a 1859, wadda ta cika gidajen shan gahawa na birnin Biyana. Abin da ya burge ni tun a aji shi ne wannan haɗin: sabon ƙarfen masana'anta da tsohuwar saƙar hannu a jiki ɗaya. A na farko-farko, ta cikin ramuka ake zura ɓawon ɗaya bayan ɗaya a saƙa da hannu. Nawa kuwa irin na baya ne: inji ya saƙa shi kamar yadi, a yanko, a cusa gefensa cikin wani tsagi da aka fafe a kewayen katakon, a zuba gam, a danne da siririn sandan kwagiri.

Cire tsohon sandan ya fi komai cin rai. Na riƙa ɗiga ruwan ɗumi da ɗan binega a tsagin don gam ɗin ya saki, ina bi da ƙaramin cizal ina ɓamɓarowa kaɗan-kaɗan. A katakon kujera ta huɗu na yi gaggawa, cizal ya zame ya ɓantare leɓen tsagin. Daga nan na koyi in fara bin gefen sandan da wuƙa mai kaifi ciki da waje kafin in sa cizal, kuma in riƙa tura shi a kwance.

Ƙanwata da ke aure a Legas ita ta samo mini sabuwar saƙa da sandunanta wajen masu aikin kwagiri na can, ta ba direban mota ya kawo a naɗe. Na yanka kowane falle ya zarce tsagin da kamar faɗin yatsu uku ta ko'ina, na jiƙa shi a baho da ruwan ɗumi rabin awa, na shimfiɗa shi gefen mai santsi yana sama. Babban abin lura shi ne layin idanun ya daidaita da katakon gaba, in ya karkace ko kaɗan ne ido zai gani har abada. Na fere 'yan katakai masu siririn baki, na fara cusawa daga tsakiyar baya, sai tsakiyar gaba, sai gefe da gefe, ina barin su a ciki su riƙe. Da na zagaye, na datse rarar da cizal, na zuba gam, na bi da sandan ina bugawa da guduma ta kan wani guntun katako. A lokacin saƙar a sake take, har gabana ya faɗi na ɗauka na ɓata. Bayan kwana biyu a inuwa ta bushe ta ɗame, in ka ƙwanƙwasa ta da yatsa sai ta yi ƙara kamar ganga.

Cikin watan Satumba na gama majingina uku da mazauni ɗaya, na ɗaura kujera ta ɗaya na kafa ta a falo. Na ji daɗin da na daɗe ban ji ba. Surukata ta zo ta zagaya ta, ta danna mazaunin da tafin hannu, ta ce, "'Yar nan, aikin ya yi kyau, Allah ya yi albarka. Amma ni ba na zama a kan abin da ba shi da ƙafa." Ta koma kan dardumarta.

Sai hunturu ya shigo. Wajen tsakiyar Janairu, lokacin da leɓe ke tsagewa, ƙofofin katako suna sakin jiki, na fara jin saƙar tana ƙas-ƙas in an zauna. Wata safiya ɗana ya durƙusa a kai da gwiwa zai miƙo kofi daga tebur, na ji ɓarat. Rami ya buɗe a tsakiya. Ban yi masa faɗa ba, laifin nawa ne ta fuska biyu. Kwagiri ɗan kurmi ne, da laima ya saba; in iska ta bushe ƙarau yana yin gautsi, kuma ana so a riƙa shafa masa jiƙaƙƙen tsumma ta ƙasa, gefen da ba shi da santsi, don ta nan yake shan ruwa. Ban yi ba ko sau ɗaya. Na biyu kuma, saƙar an yi ta ne don nauyin da ya bazu, ba ta jure tsinin gwiwa ko ƙafa. Shi kansa kamfanin Thonet a yau yana sayar da wannan kujera da wata raga ta roba a ƙarƙashin saƙar don ta tallafe ta. Gida mai yara uku a Kano, da hunturu kowace shekara, na ga in na sake sa kwagiri a mazauni haka zan yi ta yi.

Kawuna ne ya haɗa ni da wani dattijo baduku a cikin gari, wanda ya gaji sana'ar kaka da kakanni. Na je masa da katakon mazauni a hannu da niyyar jar fatar akuya, irin wadda aka san Sakkwato da Maraɗi da ita, wadda fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko. Baba ya karɓi katakon ya juya shi, ya sa babban yatsa a tsagin, ya tambaye ni wa zai zauna a kai. Na ce kowa, har maigida. Ya girgiza kai. "'Yata, fatar akuya ta jaka ce da titimi. Laushinta shi ne kyanta, kuma shi zai sa ta lotsa a nan kafin azumi. Ƙirgi za ki sa." Ya jawo wani ƙirgin sa daga ƙarƙashin buzunsa, jimar bagaruwa, launinsa kamar na gasasshiyar gyaɗa, ya ce in ja da hannu biyu. Ko motsi bai yi ba.

Na so a rina shi ja da karan dafi. Bai ce a'a ba. Ya ɗauko guntun jar fata, ya jiƙa farin ƙyalle ya goga sau biyu ya miƙo mini. Ƙyallen ya yi jaja-jaja. Ya ce, "Ki tuna da farar shaddar maigidanki ranar Juma'a, ga zafi ga gumi." Aka bar ƙirgi da launinsa.

Shi ya tsaga ƙirgin dogaye-dogaye, faɗin yatsu biyu kowanne, yana bin tsawon gadon bayan, don ya ce fatar ciki ta fi miƙewa. Saƙar mazauni na farko a gabansa na yi, yana zaune yana gyara mini. Sauran biyun a gida. Ana ɗan jiƙa fatar ta yi laushi, kada ta yi sharkaf. A kafa bakin a ƙarƙashin katakon baya da ƙananan ƙusoshi biyu, a zagayo da ita ta sama, a ja iya ƙarfi da filaya, a kafa a ƙarƙashin katakon gaba. In an gama jerin gaba da baya sai a shiga na gefe, ɗaya sama ɗaya ƙasa kamar saƙar tabarma. Katakon yana da tauri ƙwarai, ƙusar farko da na buga kai tsaye ta tanƙware, ta biyu ta fara tsaga shi, sai na koma huda ƙaramin rami da basilla kafin kowace ƙusa. Fatar ta rufe tsohon tsagin ruf, ba mai cewa akwai shi. Na ƙarshe-ƙarshen su ne masu wuya, wuri ya matse, yatsuna suka yi kanta, na riƙa tura bakin fatar da bayan cokali.

Wani abin da ban hango ba sai wajen ɗaurawa: fatar da ta zagayo ta ƙarƙashin katakon gefe ta shiga tsakaninsa da bututun, ta ɗaga mazaunin kaɗan, tsofaffin sukurorin suka kasa kamawa. Na je kasuwa da guda a hannu na samo waɗanda suka ɗara su tsawo kaɗan, na huda fatar daidai kan ramukan. In sun yi tsawo da yawa za su ɓullo ta sama, don haka sai da na auna kaurin katakon tukuna. Abin ya zo da alheri: fatar ta zama matashi tsakanin ƙarfe da katako, ƙugin da kujerun suke yi a da ya ɗauke.

Wata ƙawata da muka yi karatu tare ta ga hoton kujerun ta ce na ɓata zanen Breuer, kuma tun farko ma sayen kwaikwayo cin haƙƙin mai zane ne. Maganarta ta biyu na ɗauke ta da nauyi. A Ingila sun canja doka a 2016, kariyar irin waɗannan kayayyaki da doka ta ɗauka aikin fasaha ne ta tashi daga shekara 25 ta koma tsawon ran mai zanen da ƙarin shekara 70, masu sayar da kwaikwayo da yawa suka rasa kasuwa. Wanda ya buga sabuwa ya manna mata tambarin wani kamfani ya sayar a matsayin ta asali, wannan jabu ne, ba na goyon bayansa. Nawa tsofaffi ne da suka kusa zama kayan bola, babu sunan kowa a jikinsu. Kuma ko asalin wannan siffa ma an yi shari'a a kansa: Mart Stam, ɗan Holan, ya haɗa kujera marar ƙafar baya da bututun gas a 1926, aka nuna irinta a baje kolin gidaje na Stuttgart a 1927, kotun Jamus kuma ta ba shi haƙƙin siffar a 1932. Shi ya sa har yau Thonet yake rubuta sunayen mutanen biyu a kan wannan kujera. Maganarta ta farko kuwa ban yarda da ita ba sam. Mutanen Bauhaus kayan da masana'anta za ta buga da yawa suke nema, waɗanda mai ƙaramin ƙarfi zai saya ya yi amfani da su kullum. Breuer ya ɗauki saƙar da masu sana'ar yankinsa suka gwanance a kai ya ɗora wa ƙarfensa. Ni ma abin da garinmu ya gwanance a kai na ɗora, kuma wanda iskar garinmu ba za ta karya ba. Majinginar dai na bar ta da kwagirinta, don ba ta ɗaukar nauyi sosai, kuma ina son yadda hasken taga yake ratsa idanun ya zuba a bango da la'asar.

Yanzu hunturu na biyu ke nan da ƙirgin. Ya yi duhu, inda ake yawan zama ya fara sheƙi. Duk Asabar in iska ta bushe ina bin majinginun da jiƙaƙƙen tsumma ta baya, fatar kuma sau biyu a shekara nake shafa mata man kaɗanya da aka narka da ɗan kakin zuma, kaɗan ƙwarai, in goge da busasshen ƙyalle har sai farin tsumma ya fito fes. Kujera ta uku, mai siririn ƙarfen, na ajiye ta a ɗakin karatun yara, kuma duk wata nakan kifa ta in bi gwiwoyinta da farce. Mazaunin wadda maigida ya fi zama a kai ya lotsa kamar faɗin yatsa ɗaya a tsakiya. Na gaya wa Baba, ya ce in bari sai an yi ruwan fari iska ta yi laushi, in ɓalle ƙusoshin gaba na layuka huɗun tsakiya, in jiƙa, in ja, in mayar. Na sayi ƙusoshin, suna cikin gwangwanin madara mai lamba ɗaya.